Bazawarar Moliyer da masu jifanta

Duk inda tsofaffin ɗaliban lise suka haɗu, a Yamai ne ko Maraɗi ko Damagaram, in hira ta gangaro kan littattafan da aka sa su karanta, da wuya a tashi ba a ambaci Moliyer ba. In kuwa an ambace shi, sai an taɓo Le Misanthrope, wasan da a Hausa za a iya kira Maƙiyin Mutane. A da a takarda kawai aka san shi, ana haddace baitoci don jarrabawa. Yau an ɗauke shi a bidiyo, wanda bai taɓa taka birnin Faris ba yana iya kallon manyan ƴan wasan Faransa a tafin hannunsa, kuma wannan ci gaba ne da ba mu raina ba. Abin da ya dame mu shi ne hukuncin da ake yankewa bayan an gama kallo. Hukunci ɗaya ne, kamar an haɗa baki: Alsest mai gaskiya ne da duniya ta ƙi, Selimen kuma munafuka ce da ta ci amanar masoyi. Sai a jawo karin maganar nan ta gaskiya ɗaci gare ta, a yi tsaki, a wuce.

Mun ƙi wannan hukunci. Mun ƙi shi domin wasan da kansa ya ƙi shi, kuma domin wanda ya saba tafa wa Alsest a bidiyo ba ya daɗewa sai ya zama Alsest a unguwa, ya riƙa yankan mutane da harshe yana kiran abin gaskiya. Wadda ake jifa a wasan kuwa yarinya ce bazawara mai shekara 20, kuma kowa ya san irin duwatsun da ke jiran bazawara a garuruwanmu tun kafin ta buɗe baki.

Ga wanda bai san wasan ba, an fara nuna shi ranar 4 ga Yuni 1666 a gidan wasa na Pale-Rowayal da ke Faris, zamanin Sarki Luwi na 14. Kashi biyar ne, duka a waƙe, duka kuma a gidan Selimen suke faruwa. Alsest ya ƙudurta ba zai faɗi abin da ba ya zuciyarsa ba, yana kuma so kowa ya bi shi a haka ko ya ga fushinsa. Abokinsa Filant yana ta ba shi baki. Ƙaddara ta sa wannan mai tsanani ya kamu da son macen da ta fi kowa iya zama da jama'a, wadda gidanta ba ya rabo da manema. Daga wannan karo wasan ya taso.

A fara da suna. Cikakken sunan da Moliyer ya raɗa wa wasan yana da jela, l'Atrabilaire amoureux, wato mai baƙar matsarmama da ya faɗa soyayya. Likitocin Turai na wancan zamani sun ɗauka ruwa huɗu ne ke juya halin ɗan Adam, kuma wanda baƙin ruwan matsarmama ya rinjaya a jikinsa shi ne mai ƙunci, mai ganin baƙin kowa. Ke nan tun daga bakin ƙofa marubucin ya sanar da mu cewa majinyaci ne zai shigo. Sa'annan wa ya hau dandamali a matsayin Alsest? Moliyer da kansa, gwanin ban dariya na ƙungiyarsa, wanda Faris ta sani da zare ido da murguɗa fuska. Selimen kuma matarsa ce ta fito, Armand Bejar, wadda ya girme wa da kusan shekara 20. Mutumin da ya tsaya a gaban gari yana wasan mai kishin matarsa ta gida, jama'a na ƙyaƙyatawa, ya san sarai ba hoton waliyyi yake zanawa ba.

To a dubi gwajin farko da aka yi wa gaskiyar tasa. Alsest ya gama wanke Filant tas ke nan, don ya rungumi wani mutum da ko sunansa bai riƙe ba, sai ga wani babban mutum na fada mai suna Oront. Ya yi masa tayin abota, sa'annan ya zaro wata waƙa mai layi 14 da ya rubuta, ya karanta, ya ce a faɗa masa gaskiya. Ga fili ga mai doki. Me zakin gaskiya ya yi? Ya shiga kewaye-kewaye. Ya ce wai akwai wani mutum, ba zai kama sunansa ba, da ya taɓa ba shawarar ya danne ƙaiƙayin rubutu. Oront ya tambaye shi ko da shi yake, ya musanta. Aka sake tambaya, ya sake musantawa, har sau uku. Wannan ai habaici ne, irin wanda kowace kishiya ta iya tun tana amarya. Sai da aka matsa masa, haushi ya ci shi, sa'annan ya fashe ya ce waƙar wurinta ƙasan akwati. Mun yarda waƙar Oront ba ta da wani armashi, kuma tsohuwar waƙar gargajiya da Alsest ya rera masa don kwatanci ta fi ta rai. Amma mutumin bai san hanya ta tsakiya ba: ko ya laɓe, ko ya rotsa. Ƙarshen abin sai da aka aiko ɗan saƙo daga kotun manyan hafsoshin Faransa, masu sasanta rikicin mutunci tsakanin ƴaƴan sarauta don kada a kai ga zare takobi. Duk a kan waƙa mai layi 14. Wanda ya kalli wannan fitowa bai yi dariya ba, to wani abu ya shiga tsakaninsa da wasan.

Sai maganar shari'a. Alsest na da ƙara a gaban alƙalai, kuma bisa ga dukkan alamu shi ne mai gaskiya, abokin shari'arsa mugun iri ne da kowa ya sani amma kowa ke yi wa maraba. A wancan zamani al'ada ce mai ƙara ya je gaishe da alƙalai kafin zama. Alsest ya ce ba zai taka ba. A nan muna tare da shi, domin mu ma mun san wannan gaisuwa, mun san abin da ake naɗewa a cikinta. Sai dai a saurari dalilin da ya bayar. Ya gaya wa Filant zai ji daɗi ma ya faɗi, don ya ga iyakar lalacewar mutane. A kashi na biyar ya faɗi ɗin, aka ci shi faran 20,000 na wancan zamani, kuɗi masu kauri. Filant ya ce akwai damar ɗaukaka ƙara. Ya ƙi, ya ce da waɗannan kuɗi ya sayi ƴancin tsine wa ɗan Adam. Mai neman adalci ɗaukaka ƙara yake yi. Wanda ya rungumi zalunci ya ajiye shi kamar takardar shaida, ya riƙa fito da ita yana nuna wa baƙi, wani abu daban yake nema, kuma sunansa girman kai.

Amma inda asirinsa ya tonu gaba ɗaya shi ne kashi na huɗu, kuma abin mamaki shi ne kashin da masu tafa masa suke tsallakewa in suna ba da labari. An ba shi wata wasiƙa da hannun Selimen, an ce wa Oront ta rubuta. Ya shigo yana huci. Abu na farko da ya yi, kafin ma ya ga mai wasiƙar, shi ne ya juya ga Eliyant, ƴar'uwar Selimen, mace mai hankali da ke ganin girmansa tun da daɗewa, ya miƙa mata zuciyarsa, ya kuma faɗa mata ƙiri-ƙiri ramuwa yake so ya yi da ita. Wace irin gaskiya ce ke mayar da ƴar mutane sandar dukan wata? Da Selimen ta fito ta ƙi kare kanta, ta ce ya ɗauki abin yadda ya ga dama, sai gwiwarsa ta yi sanyi. A nan ne maƙiyin ƙarya ya roƙi a yi masa ƙarya. Ya ce ta daure ta nuna kamar tana da amana, shi kuma zai daure ya gaskata. Mutumin da ya buɗe wasa da cewa duk wanda ya nuna abin da ba ya zuciyarsa ya cancanci ya rataye kansa, ga shi yana bara a yaudare shi, muddin yaudarar za ta yi masa daɗi.

Bai tsaya nan ba. Don ya nuna mata zurfin ƙaunarsa, ya ce da ma a ce ba ta da komai, ba dukiya, ba asali, ba mai sonta, don ya zamana daga hannunsa kaɗai za ta samu komai. Ita kanta Selimen ta yi mamakin wannan irin fatan alheri. Mu ba mu yi mamaki ba. Mun san mazan da ke magana haka. Su ne masu cewa mace ta ajiye sana'a saboda tsananin so, ta rabu da ƙawaye saboda tsananin so, ta rage zuwa gidansu saboda tsananin so, har ta wayi gari ba ta da kowa sai mai son.

Yanzu ita. Ba za mu wanke Selimen da sabulu ba. A kashi na biyu, lokacin da baƙi suka cika mata ɗaki, ta ɗauki mutanen da ba sa nan ɗaya bayan ɗaya ta feɗe su, kuma wannan gulma ce, cin naman mutane ne, ko da an yi shi da fasahar da ke sa mai kallo ya manta laifi ne. Ta kuma bar maza da yawa kowa na zaton shi ne. Amma a tsaya a dubi inda take tsaye. A Faransa ta ƙarni na 17 budurwa na ƙarƙashin uba, matar aure na ƙarƙashin miji, wadda mijinta ya mutu ce kaɗai ke riƙe da dukiyarta da gidanta da kanta. Selimen ta samu wannan ƴanci tana da shekara 20, ranar da ta sake aure kuma ya tafi. Ita ma tana da shari'a a kotu, kamar Alsest, kuma ta faɗa masa dalilin da ya sa take sakar wa Kilitandar fuska: yana da mutanen da za su tsaya mata. Alsest namiji ne mai abin hannu, yana iya zubar da faran 20,000 don ya huce haushi. Ita in ta faɗi, wa zai ɗaga ta? A garin da kalma ɗaya daga bakin ɗan fada ke gina mutum ko ta rushe shi, sakin fuska shi ne garkuwarta, harshe kuma shi ne mashinta. Bahaushe ya fi kowa cancantar gane wannan. Mun san bazawara ta fi budurwa ikon zaɓe, mun kuma san abin da ake biya a kan wannan iko: in ta yi fara'a an ce ballagaza ce, in ta ɗaure fuska an ce shi ya sa ba ta zauna ba, in manema sun yi yawa an ce tana tara su, in babu an ce akwai dalili.

Sa'annan a dubi yadda aka kayar da ita. Akast da Kilitandar, samari biyu ƴan ƙwalisa, sun yi yarjejeniya tun a kashi na uku cewa duk wanda ya samu shaidar ita ke sonsa ɗayan zai janye. Suka haɗa wasiƙun da ta rubuta wa kowannensu a asirce, suka zo tsakar ɗakinta, gaban kowa, suka karanta da ƙarfi. Su waye waɗannan masu fushi da gulma? Su ne dai waɗanda a kashi na biyu suke jefo mata sunaye ɗaya bayan ɗaya, suna zuga ta, suna riƙe ciki don dariya. Gulmar na da daɗi muddin naman wani ake ci, ranar da wuƙa ta biyo ta kansu sai suka tuna da mutunci. Suka fita suna alkawarin yaɗa labarinta a gari. Wanda ya taɓa ganin an ɗauki hoton hirar mace ta asiri an watsa a WhatsApp ko Facebook, maza ɗari na tofa albarkacin bakinsu a ƙasa, kowa na salati, ya riga ya ga wannan fitowa, ba ya buƙatar fassara. Laifi tudu ne. Abin takaici shi ne mai kallo na yau, maimakon ya ji kunyar taron, sai ya shiga sahu ya ɗauki nasa dutsen.

Da kowa ya watse, Alsest ya rage. Ya ce ya yafe, amma da sharaɗi: ta bar duniya ta bi shi zuwa abin da ya kira hamada. A Faransancin wancan lokaci kalmar na nufin wani gida a ƙauye nesa da jama'a, don haka mu da muka san Tenere kada mu tsorata, ba raƙumi zai ɗaura wa sirdi ba. Amma manufar a fili take: ba baƙo, ba ƙawa, ba kowa sai shi. Selimen ta ce kaɗaici na ba mai shekara 20 tsoro, amma in aure yake so ta yarda. A lura da kyau, ta yarda ta aure shi. Shi ne ya ƙi, ya ce yanzu ya tsane ta, tunda ba ta samu komai da komai a cikinsa shi kaɗai ba. A duk fitowar nan maganar da ta fi kowace gaskiya daga bakinta ta fito. An tozarta ta, ba ta da kowa, hanya mafi sauƙi ita ce ta ce to, ta bi shi, daga baya a ga abin da hali zai yi. Ta faɗi abin da ke zuciyarta duk da ta san zai raba ta da mutum na ƙarshe da ya rage mata. Abin da Alsest ya yini yana nema daga mutane ke nan, da aka ba shi kuma sai ya kasa haɗiyewa.

To daga ina wancan hukunci ya samo asali? Yana da uba, kuma an san shi. A 1758 Ruso ya rubuta doguwar wasiƙa ga Dalamber yana adawa da a gina gidan wasa a Janeba, a ciki ya zargi Moliyer da mayar da nagarta abin dariya, ya ce Alsest mutumin kirki ne na gaske, Filant kuma ɗan duniya ne. Ba abin mamaki ba ne Ruso ya ga kansa a madubin Alsest. Shi ne mutumin da ya ɓata da abokansa ɗaya bayan ɗaya yana zargin sun haɗa masa makirci, shi ne kuma wanda ya rubuta littafi sukutum kan tarbiyyar yara alhali ƴaƴansa biyar gidan marayu ya kai su, kamar yadda ya faɗa da bakinsa. A 1790, ana tsakiyar juyin juya hali, Fabre d'Églantine ya ɗauki shawarar Ruso ya rubuta ci gaban wasan, ya mayar da Filant mai son kai, Alsest gwarzo. Shekara huɗu bayan haka, a Afrilun 1794, masu tsananin da suka fi shi tsanani suka sare masa kai tare da Danton. Zamanin da ya naɗa wa Alsest rawani bai yi wa masu naɗin daɗi ba. Daga baya mawaƙan ƙarni na 19 suka ƙara gishiri, suka mayar da wasan abin kuka. Wannan gadon ne ya gangaro cikin littattafan makaranta har ya iso azuzuwanmu.

Bidiyon da ya sa muka ɗauki alƙalami kuwa ya ƙara wa wannan karatu ƙarfi. Shi ne wasan da Clément Hervieu-Léger ya shirya wa Komedi-Faransez a 2014, aka haska shi kai tsaye a gidajen silima a Fabrairun 2017, Loïc Corbery na Alsest, Adeline d'Hermy na Selimen. Ba mu da ta cewa kan gwanintarsu, sun iya. Amma a dubi abin da aka zaɓa. Tufafin zamani, babban ɗaki mai matakala, kaya a lulluɓe kamar gidan da ake shirin tashi daga cikinsa, kiɗan fiyano mai kashe jiki, tafiya a hankali har kusan awa uku. Alsest ɗin saurayi ne kyakkyawa mai raunin zuciya, wanda kana ganinsa ka ji kana so ka rarrashe shi. Darakta na da ikon ya karanta wasa yadda ya fahimta, kuma akwai baƙin ciki a cikin wasan nan da ba mai musu, domin Moliyer ya rubuta shi a shekarun da aka hana Tartuf, kuma a ƙarshen 1665 matashin marubuci Rasin ya ɗauke wasansa daga hannunsa ya kai wa abokan hamayya. Sai dai baƙin ciki gishirin wasan ne. In aka juye shi ya zama shi ne miyar, an canza tuwon.

Sa'annan ga aikin kyamara, wanda ba a cika lura da shi ba. A zauren wasa ido na da ƴanci. Alsest na zuba, kai kuma kana iya kallon fuskar Filant da ya gaji, ko baran da ke tsaye yana jira a gama, kuma na kusa da kai na dariya, dariyarsa na tuna maka cewa mutumin nan ya wuce gona da iri. Kyamara ba ta ba ka wannan zaɓi. Ita ke cewa ga inda za ka duba, kuma abin da ta fi so shi ne fuska kusa-kusa, ido ya yi ja, leɓe na rawa. Duk fuskar da aka matso da ita haka, ko ta wawa ce, sai ta ba ka tausayi. Mai kallo kuma yana kwance shi kaɗai da waya cikin dare, dariyar zauren in ma ta iso shi daga nesa take zuwa. A haka mutumin da aka rubuta don jama'a su taru su yi masa dariya su kuma ji kunyar dariyar, sai ya koma aminin mai kallo, mai faɗa masa abin da kowa ke so ya ji, wato kai kaɗai ne mai gaskiya, sauran duk munafukai ne. Mafi muni shi ne yankan gutsure. A ciro faɗan Alsest na kashi na ɗaya minti biyu, a watsa shi ba Oront, ba wasiƙa, ba hamada, sai ya zama wa'azi. Moliyer bai rubuta wa'azi ba.

Mu kuwa bai kamata a ruɗe mu da wannan ba, domin muna da namu teyatur. Ƙungiyoyin samariya na zamanin Kunce, da ƴan wasan rediyo da Tele Sahel irin su Yazi Dogo da abokan aikinsa, ba su dogara da rubutaccen baiti ba, sukan tsara labari su hau dandamali kowa ya zuba daga kansa. Amma sun san abin da Moliyer ya sani: a wasan ban dariya ba wanda ke tsira. Alhaji na shan nasa, ɗan boko na shan nasa, mai yi wa kowa faɗa shi ma sai an kama shi da hannu cikin tukunya. Ƙasar da ta riƙe wasan barkwanci tsakanin ƙabilu har UNESCO ta sa shi cikin gadon ɗan Adam a 2014, inda Bagobiri da Bakatsine ke faɗa wa juna abin da ba ya faɗuwa kuma a tashi ana dariya, ba ta buƙatar a koya mata cewa gaskiya na da hanyar shiga.

Mun san abin da za a ce: kuna kare munafunci ke nan, kuna so kowa ya zama Filant, a yi ta murmushi ƙasa na ruɓewa. Ko kusa. Moliyer ba abokin munafukai ba ne. Shi ne wanda aka hana wa Tartuf daga 1664 har 1669 saboda ya taɓa masu fakewa da addini. Kuma a cikin wannan wasa akwai munafuka ta gaske, sai dai ba ita ake jifa ba. Arsinowe ce, mai zuwa da sunan nasiha ta zazzage wa Selimen duk abin da gari ke faɗa, mai yawan ibada a gaban mutane wadda aka ce tana dukan barorinta ba ta biyansu, mai son Alsest a ɓoye. Ita ce ta ba shi wasiƙar, shi kuma maƙiyin munafunci ya bi ta har gida ya karɓa. Bai gane ta da wuri ba domin ta zo da irin muryarsa, muryar mai tsanani. Malamanmu sun daɗe da raba mudarat da mudahana. Ta farko ita ce ka sassauta wa mutum, ka sakar masa fuska don a zauna lafiya ko ka jawo shi zuwa daidai, ba ka sayar da komai ba. Ta biyu ita ce ka sayar da gaskiya don abin duniya. Hausa ma ta raba: akwai kara, akwai kawaici, akwai alkunya, kuma ba ɗayansu da ake kira munafunci. Alsest ya zuba su duka a ƙwarya ɗaya ya shure. Filant na da nasa rauni, haƙurinsa da zaluncin alƙalai ya yi yawa. Amma wa ya faɗa wa Alsest a fuskarsa cewa ya zama abin dariya a gari, kuma macen da yake so ba ta dace da shi ba? Filant. Ya faɗi gaskiya mai ɗaci ga wanda zai iya fushi da shi, a keɓe, don amfaninsa, bai kuma tafi ba.

Baturen nan Kirk-Greene, da ya tattara siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe cikin wata maƙala da aka buga a 1974, da gaskiya ya fara, amma ya jero mata ƴan'uwa: amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima, adalci. A auna Alsest da wannan mudu a ga nawa zai cika. Mutunci a wurinmu ya haɗa da kada ka kunyata wani a gaban jama'a. Masu buɗe rubutunsu a shafukan nan da cewa su ba sa tsoron kowa, su faɗi gaskiya komai ɗacinta, sa'annan su kama sunan ƴar wani ko matar wani su yi fata-fata da shi don a danna musu alamar so, da ɗaya suka riƙe cikin goma, ita ma ɗin sai in ta shafi wani.

Muna fata wata rana wata ƙungiya a Damagaram ko Tawa ta ɗauki wannan wasa ta zuba shi a Hausa, tunda ba abin da ke cikinsa da ba mu da shi a gida. In an tashi, muna da roƙo. A ba wanda ya fi kowa iya ban dariya matsayin Alsest, kamar yadda aka yi a 1666. A bar Selimen da gidanta da shari'arta da shekarunta 20, kada a ƙara mata kwalliyar da za ta sa a yanke mata hukunci tun daga shigowa. Mai ɗaukar hoto ya ja baya, ya bar mu mu ga dandamali duka da kawunan ƴan kallo. Kuma kada a yanke baitoci biyun ƙarshe, domin ba Alsest ne ke rufe wasan ba. Bayan ya fice yana neman inda ba kowa, Filant ne ke juyawa ga Eliyant, wadda yanzun nan ta amince ta aure shi, ya ce su bi bayansa su yi iyakar ƙoƙarinsu su hana shi tafiya. Mutumin da aka buɗe wasa ana kiransa munafuki shi ne ya ajiye maganar aurensa ya bi abokinsa waje.